Ranar da Na Buɗe Injin Alhaji Jalo

Sallama gare ku masu karatuna. Ku gyara zama, yau ba zan ɓoye muku komai ba, har da abin da nake jin kunyar faɗa. Ga waɗanda suka tarar da mu a hanya, sunana Raudatu, 'yar Malam Haladu bakanike, a Luggere muke zaune cikin Jimeta. Wanda ya hana ni sakat kuma sunansa Najmuddeen, ɗan Alhaji Jalo na cikin Yola. Malamin lissafi ne a sakandare, dogo, mai maganar da sai ka matso kafin ka ji.

Wata takwas yana zuwa ƙofar gidanmu. An sa ranar da manyansa za su zo gaisuwa, Umma har ta canza labulen falo ta saya mana sababbin kofuna. Ana saura kwana biyar, ina gareji na shiga ƙarƙashin wata mota, waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikina. Na goge hannu na duba.

"Raudah, an samu matsala."

"Wace iri?"

"Goggo Asta ta ji sunan Baba."

"To, sunan Baba zagi ne?"

Sai ya yi ta rubutu yana gogewa, ina ganin alamar a saman waya, har na ƙosa na kira shi. Goggo Asta yayar mahaifinsa ce, kuma a gidansu ko kaza ba a yankawa sai ta sa baki. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa. Wai ta ce ba za su haɗa jini da mutumin da ya sace musu injin mota ba.

Jama'a, sai da na zauna a kan taya.

Bari in koma da ku baya. A shekarar 2014 a Mubi muke, can garejin Baba yake, ina da shekara goma sha uku. Alhaji Jalo ma'aikacin gwamnati ne da aka tura can. Bai daɗe da gadon wata tsohuwar Bitil daga mahaifinsa Modibbo ba, irin motar nan mai kama da kunkuru da injinta ke baya, mai launin ƙwan zabo. Ya kawo wa Baba ya duba masa ita, shi kuma ya tafi Yola hutu. Yana can 'yan tada ƙayar baya suka shigo garin Mubi.

Ba zan ba ku labarin wannan ranar duka ba, ba na son tuna ta. Abin da zan faɗa shi ne, Baba ya dubi akwatin kayan aikinsa na shekara ashirin, ya dubi motar mutane da aka ba shi amana, ya ce mu shiga motar. Mu bakwai muka cusa kanmu, har da maƙwabciyarmu Magdalena da jaririnta. Muka bi hanyar daji ta wajen Maiha, motoci a jere, ƙura ta tashi ja wur har ba ka ganin ta gabanka. Na ga manyan motoci masu tsada sun shaƙe sun tsaya a gefe, masu su sun fito da ƙafa. Tsohuwar nan kuwa tana ta tafiyarta, tif-tif-tif, ba sauri ba tsayawa. Da muka iso Jimeta Baba bai ko huta ba. Ya wanke ta, ya kai ta gidan Alhaji a cikin Yola, ya miƙa makulli, ya dawo a Keke.

Wannan na sani. Abin da ban sani ba sai ranar da Najmuddeen ya faɗa mini shi ne abin da ya biyo baya. Alhaji ya ga motar ba ta da gudu kamar ta wani abokinsa, sai ya kai wa wani bakanike a bakin titi. Shi kuwa ya ɗaga murfi, ya ga abubuwan da bai taɓa gani a irin waɗanda aka harhaɗa a Legas ba, ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, an cuce ka. Wannan ai injin ban ruwa ne na lambu aka dasa maka." Takardun motar sun salwanta a gidan Mubi, babu abin da za a duba. Alhaji bai kai ƙara ba, bai yi faɗa ba. Ya dai daina amsa gaisuwar Baba, ya rufe motar da tamfol, shekara goma ke nan.

Da na isa gida na tarar da Umma tana tankaɗe. Tun kafin in gama ta ɗaga mini hannu.

"Na sani. Tun ranar da yaron nan ya faɗi sunan ubansa gabana ya faɗi, na ce ko sun manta."

"Umma, kin sani kika yi shiru?"

"In ce me? Ki rabu da su, Raudatu. Maza sun ƙare ne? Kuma ko babu wannan, kina jin mutanen cikin Yola za su ɗauki suruka mai warin baƙin mai? Nawa na ce miki ki ce musu koyarwa kike yi?"

Wannan tsohuwar rigimarmu ce. Na yi difloma a kan injuna, kuma tun da hannun Baba ya fara rawa ni ce ke kwance masa ƙananan noti. Umma kuwa kullum cikin saya mini man shafawa take, wai ko tafin hannuna zai yi laushi irin na 'yan mata.

Baba yana zaure a kan buzunsa bayan la'asar. Na durƙusa na tambaye shi kai tsaye. Ya daɗe yana kallon carbinsa.

"Allah ya ga abin da na yi," in ji shi.

"Baba, me ya hana ka je ka nuna musu?"

"Wanda ya tambaye ka shi kake ba amsa. Bai tambaye ni ba."

Ya ci gaba da jan carbi, magana ta ƙare. Haka Baba yake. Mutum ne da in ka kawo masa mota da tsabar naira biyar a ƙarƙashin kujera, za ka tarar da ita a kan sitiyari. Ina alfahari da shi fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ga abin kunyar da na ce zan faɗa muku: da na tashi daga gabansa, shaiɗan ya raɗa mini, to in fa gaskiya ne? Mutumin da ya rasa komai rana ɗaya, ga iyali, ga yunwa a garin da ya baro tun yana saurayi? Na yi ta'awwuzi, amma tunanin ya ƙi fita. Na gane ba don Goggo Asta kaɗai nake son buɗe injin nan ba, har da ni kaina.

Na tura wa Najmuddeen saƙo.

"Kakanka yana da akwatin littattafai?"

"Akwai, a ɗakin Baaba Modibbo. Ba a taɓa buɗewa ba tun rasuwarsa."

"Irin motocin nan suna zuwa da ƙaramin littafi, dillali yana buga hatimi ya rubuta lambar inji a ciki. Mutumin da ya riƙe mota shekara arba'in bai bar kowa ya tuƙa ba, ba zai bar littafinta a cikin mota ba. Ka duba."

Kwana biyu shiru. A na uku sai ga hoto: ɗan littafi mai bango shuɗi da ya koɗe, an naɗe shi a ƙyalle tsakanin littattafan fiƙihu. A ƙasa ya rubuta, "Ranki ya daɗe, injiniya." Na ce kar ya buɗe mini shafin lambar, kar kuma ya taɓa motar. Ya roƙi mahaifinsa a bar ni in zo in duba a gabansu. Alhaji ya ce gani ya kori ji, in zo ranar Asabar da safe.

Baba ban gaya masa ba. Umma kuwa da ta ga ba zan fasa ba, sai ta koma kan kwalliya. Ta fito mini da atamfa ruwan zuma ɗinkin riga da zani, mayafi mai duwatsu a baki, takalmi mai ɗan tudu. Ta turara ni har na fara tari. An yi mini lalle tun jajibere, ja a yatsu, baƙi a bayan hannu. Ita a tunaninta in sun ga kwalliya za su manta da gareji. Ni kuma na buɗe jakar hannuna ta zuwa biki na zuba sifana biyu, abin kwance fulogi, tsumma, ɗan kwalbar kananzir, da ƙaramar kyamarata mai doguwar igiya da ake haɗawa da waya.

Gidan Alhaji Jalo tsohon gida ne mai faɗin tsakar gida, yashi a share tas, bishiyar mangwaro a tsakiya. An shimfiɗa darduma a inuwa. Alhaji yana kan kujera cikin farar jamfa, siriri, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Goggo Asta tana gefensa da butarta, ta ɗaura ɗankwali ya karkace. Najmuddeen yana tsaye can nesa kamar wanda aka kawo shari'a. Na cire takalmi na durƙusa, na gaishe ta da Fulatanci.

"Jam waali, Goggo."

"Jam," in ji ta, tana duba ni daga sama har ƙasa. "Ke ne yarinyan? To. Ke ne za ki koya mana motan babanmu?"

"A'a Goggo, ita ce za ta faɗa da kanta. Ni tafinta ce kawai."

Na ga gefen bakin Alhaji ya motsa kaɗan. Ya yi wa Najmuddeen nuni, ya je ya yaye tamfol.

Wayyo jama'a. Shekara goma rabona da ita, amma ina ganinta ƙirjina ya cika. Ga ta nan yadda na san ta, 'yar dunƙulalliya, fitilun nan kamar idanun mai jin barci. Tayoyin sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, amma ko tsatsa ɗaya babu a jikinta. Na shafa gilashin baya inda na manna fuskata tun daga Mubi har Jimeta. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na zagaya baya na ɗaga murfin inji.

"Alhaji, don Allah ka matso. Me bakaniken nan ya nuna maka?"

Ya taso a hankali, ya nuna da bakin sandarsa. "Wannan tukunyan na gefe, da wannan bututu. Ya ce Bitil tukunya ɗaya yake da shi a sama."

"Gaskiya ya faɗa, irin waɗanda ya saba gani ɗaya gare su. Wannan tukunyar tace iska ce. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, in ƙura ta shiga masa sai ta cinye shi ta ciki. Masu ƙera motar nan sun san akwai ƙasashen da titinsu ba kwalta ba ne, sai suka riƙa yi wa waɗanda za a tura can tukunya ta biyu. Iska ta fara bi ta nan ta zubar da yashinta, sannan ta wuce ta cikin mai, ta isa inji a wanke."

"Kowa zai iya ɗaura tukunya," in ji Goggo daga inda take. Ashe tana ji.

"Haka ne, Goggo. Amma dubi ƙarfen da ya riƙe ta." Na jiƙa tsumma da kananzir na goge. "A jikin mota yake, ba a jikin inji ba. Fentinsa da na motar ɗaya ne, babu tabon walda, babu ramin da aka huda da hannu. Tun daga masana'anta aka gina jikin nan don ya karɓi irin wannan injin."

Goggo ta ajiye buta ta taso. Ta leƙa, ta yi tsaki, amma ba ta koma ta zauna ba.

"To rashin gudun fa?" in ji Alhaji.

Nan ne na ji daɗin tambayar. Na kwance fulogi ɗaya, da ƙyar ya juyu, baƙin mai ya ɓata mini lalle har wuyan hannu. Na zura kyamarar ta ramin, na miƙa wa Alhaji wayar.

"Wannan kan fistin ne, shi ke matse mai da iska su kama wuta. Ka ga tsakiyarsa?"

Ya gyara tabarau. "Ya lotsa. Kamar faranti."

"Ba lotsawa ya yi ba, haka aka ƙera shi. Na motocin da aka bari a can ƙasarsu kansa a shafe yake, yana matsewa da ƙarfi, yana ba da gudu, amma sai da fetur mai kyau sosai. A wancan zamanin ba kowace ƙasa ke samun irinsa ba. Sai suka kwarfe kan fistin don ya rage matsi. Gudu ya ragu kaɗan, amma ko wane irin fetur ka zuba masa zai sha, ba zai yi ƙwanƙwasa ba, ba zai yi zafi ya ƙone ba. Alhaji, abin da aka ce maka aibi ne, shi ya fito da mu bakwai daga Mubi. Wasu mutane da ba su taɓa ganin Adamawa ba sun zauna sun yi tunanin hanyarmu tun ba a haife ni ba."

Saura abu ɗaya, kuma shi nake tsoro. Duk abin da na nuna ya tabbatar da irin injin ne, bai tabbatar da shi ne ainihin wanda ya zo da motar ba.

"Najmuddeen, ba Goggo littafin."

Ta karɓa tana harararsa. Tana buɗe bangon sai ta tsaya cak. Akwai rubutun ajami a ciki da tawadar allo.

"Hannun Baaba ne," in ji ta a hankali. "Ya rubuta ranan da ya saya."

Na tsuguna a bayan motar. Lambar inji a ƙarƙashin ƙafar janareto ake buga ta, daidai inda datti ke taruwa. Na kankare da bakin sifana, na wanke da kananzir. Ya Allah, na ce, kar ka kunyata bawanka Haladu. Baƙaƙe suka fara fitowa.

"Harafin farko shi ke faɗin irin injin. Zan karanta, Najmuddeen ya bi a littafi, Goggo ta sa ido."

Na karanta harafin. Ya ce, "Haka ne." Na karanta lamba ta farko, ta biyu, ta uku. Kowace sai ya ce, "Haka ne," muryarsa tana ƙara ɗagawa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da na faɗi ta ƙarshe bai amsa ba, sai ya juya wa mahaifinsa shafin kawai.

Alhaji Jalo ya dubi littafin, ya sunkuya da kansa ya dubi lambar, ya sake duban littafin. Fuskarsa ta yi wani iri. Goggo Asta ta rufe baki da gefen zaninta tana salati.

"Ɓingel am," in ji Alhaji, wato 'yata, "babanki ya san kin zo?"

"Bai sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya shige ɗakinsa ya saki labule. Na tsaya da sifana a hannu ban san na yi nasara ko na yi rashin kunya ba. Goggo ce ta miƙo mini butarta, ta tsiyaya mini ruwa da kanta na wanke hannu, tana cewa, "Kai, wannan atamfan ya tafi."

A Keke na yi kukana. Na roƙi Allah gafarar zargin da na yi wa ubana a zuci, ko da na minti ɗaya ne. Da na shiga gida Umma ta ga gaban rigata ta ɗora hannu a ka.

"Shi ke nan, kin je kin nuna musu halinki. Yanzu ko sun yarda da injin, wa zai yarda da ke?"

Na duba waya ya fi sau ashirin. Najmuddeen bai turo komai ba.

Ana idar da la'asar muka ji tsayuwar mota a ƙofa, sai sallama. Na laɓe a bayan ƙofar zaure, Umma a bayana tana numfashi a wuyana, ita da ta ce babu ruwanta. Alhaji Jalo ne, da babbar riga, Najmuddeen a bayansa. Baba ya miƙe zai ba shi buzu, Alhaji ya ƙi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa kan siminti, dattijo mai shekara kusan saba'in.

"Malam Haladu, ka bar kayan sana'anka ka kawo mini amanata, ni kuma na saka maka da zargi. Ban ko tambaye ka ba. Na zo ka yafe mini."

Baba ya dube shi. Hannunsa yana rawa a kan gwiwarsa, ya danne shi da ɗayan.

"Wa ya nuna maka?"

"'Yarka. A gabana ta buɗe, har cikin fistin."

"Ta mayar da fulogin?"

"Ta mayar."

"To madalla." Ya share ido da bakin hannun riga. "Na yafe maka, Alhaji, duniya da lahira. Rashin sani ne."

Alhaji ya yi godiya, ya yi ta maimaitawa. Sannan ya gyara zama ya ce akwai magana ta biyu. Yayarsa Asta ce ta aiko shi, ta ce kar ya dawo mata gida sai da amsa: suna nema wa Najmuddeen auren Raudatu, yadda take, da garejinta da komai. Umma ta matse mini kafaɗa har na kusa yin ƙara.

Baba ya dubi Najmuddeen, wanda ya sunkuyar da kai gumi na bin wuyansa. Ya dubi ƙofar da nake laɓe, na tabbata ya san ina wurin. Sannan ya ɗauki carbinsa.

"Alhaji, shekara goma na yi ina jiran wannan sallamar taka. Kai ma ka jira amsata zuwa Juma'a."

Alhaji Jalo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi mini adalci."

Yau Talata, masu karatu. Baba yana cin abincinsa, yana zuwa masallaci, ya ƙi ce wa kowa uffan. Ina son Najmuddeen har cikin raina, kuma ina tsoron Juma'ar nan. Amma da za ku ga yadda ubana ke tafiya a layinmu kwana ukun nan, kansa a ɗage yana amsa gaisuwa da ƙarfi, da kun san ko me ya yanke ba zan yi nadamar atamfar nan ba.